Hawan Dutse a Ƙasar Karaye da Rogo

A ƙasar Birtaniya akwai mutanen da abin sha'awarsu ke nan su ɗauki jaka a baya, su shiga jeji takanas don su hau tsauni. A Sikotilan har lissafi suke yi: akwai tsaunuka 282 da suka haura ƙafa 3,000, wato mita 914, kuma wasu sukan yi shekaru suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Tsaunukan nasu ciyawa ce da taɓo, babu itatuwa, abin tsoronsu kuwa sanyi ne da hazo. A nan gida, matasa da yawa sun sha horon hawa a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos, masu tsayin fiye da mita 1,800 daga teku.

Mu a yammacin Jihar Kano ba mu da irin waɗannan. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai nan da can falalen dutse ya ɓullo a tsakiyar gonaki kamar bayan giwa. Domin gajartarsu, ɗalibai sukan raina su. A ganinmu rainin nan shi ne babban haɗari.

Mu duba yadda dutsen yake. Tun can fil azal a ƙarƙashin ƙasa ya daskare, sai ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe shi har ya bayyana. Da nauyin ya ragu a kansa, ga kuma zafin rana da sanyin dare, sai fatarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Shi ya sa bayansa ya yi sumul, babu wurin kamawa. Wani ɓallin kuwa ana ganinsa kamar a manne yake, alhali ƙarƙashinsa rami ne. A ƙwanƙwasa shi da sanda tukuna. In ya yi ƙara kamar ganga, a kauce masa.

Hawa ba shi da wuya sosai, gama ido yana ganin inda ƙafa za ta taka. Saukowa ita ce magana. Dutsen ya lanƙwasa, saboda haka wanda ke bisa ba ya ganin gindinsa, kuma gangaren yana ƙara tsananta a hankali har mutum ya iske kansa inda ba gaba ba baya. Ga gwiwoyi sun riga sun gaji. Dokarmu ita ce, ta inda aka hau ta nan za a sauko, ko da wata hanya ta yi kamar ta fi kusa. Tun ana hawa a riƙa waiwaye ana lura da alamu. Ba gudu, ba tsere, kuma kada a gangaro da dutse don wasa, wataƙila akwai mai kiwo a ƙasa.

Lokaci mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, da sassafe. Da damina ruwa da gansakuka sukan mai da falale kamar sabulu, kuma wanda hadari ya tarar a ƙoli ya zama abin harin tsawa. Da bazara kuwa, lokacin da zafi kan kai digiri 40, dutsen yana ƙona tafin hannu. Kada wani ya ce ai akwai sanyi a sama. Iska tana yin sanyi ne da kamar digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, namu duwatsun kuwa ina suka kai nan? Hunturu ma yana da nasa: in hazo ya sauko ba a hango komai, balle ruwan madatsar Challawa da aka gama a 1992, wanda shi ne abin kallo a wajen Karaye.

Wani mutumin Sikotilan, William Naismith, ya ba da ƙa'idar lissafin lokaci a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin ƙarfafa ne; da 'yan aji ɗaya a cikin ayari, sai a ƙara.

Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, da hula, da takalmi mai gindin roba, ba silifa ba. Kada a sa hannu a kogon da ido bai gani ba, domin kububuwa da kunama da ƙudan zuma duk can suke fakewa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar masa da hankali, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

Kowane dutse yana da masu shi. Kafin a hau, malami ya je ya gai da mai unguwa ko dagaci, ya nemi izini da ɗan jagora. Su suka san inda zuma take, da wurin da mutanen gari ba su so a taka, da kuma halin tsaro, musamman ta wajen Rogo inda muka yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. In suka ce yau ba a zuwa, sai a koma makaranta a sa wata rana.