Motocin Lantarki: Taƙaddama Kan Inda Ya Dace A Sanya Bakin Caji

Masu iya magana kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan karin magana ya yi daidai da halin da manyan kamfanonin ƙera motoci suka sami kansu a ciki dangane da wata 'yar kafa wadda faɗinta bai wuce na tafin hannu ba, watau bakin da ake cusa wayar caji a jikin motar da ke aiki da lantarki. Bayan da suka zuba maƙudan kuɗi wajen inganta batir da inji, sai ga shi ala tilas wasu daga cikinsu sun koma sun sake fasalin jikin mota, don kawai su gusar da wannan kafa daga wata kusurwa zuwa wata.

Al'amarin ya fi ƙamari ne ga motocin a-kori-kura da manyan motocin nan ƙirar jif, saboda tsawonsu da kuma irin aikin da ake sayensu dominsa. Ƙaramar mota tana iya kutsawa ta daidaita tsayuwarta a ko'ina, amma motar da tsawonta ya kusa mita 6, ga kuma tirela a bayanta, ba ta da wannan dama. Ga ɗan kasuwa kuwa, duk mintin da direba ya ɓata yana kai-komo a gaban na'urar caji, lokaci ne da aka zaftare daga na neman kuɗi.

Abin da ya bambanta caji da shan mai

Wanda ya saba da gidan mai zai yi mamakin yadda wannan ya zama abin taƙaddama, ganin cewa motocin fetur ma wasu murfin tankinsu yana dama, wasu yana hagu. Dalili shi ne an gina gidajen mai ne ta yadda mota za ta shiga ta nan ta fita ta can, ta tsaya a duk gefen famfon da ya yi mata, ta sha mai cikin 'yan mintoci ta ba wani wuri. Tashoshin caji kuwa, galibinsu an tsara su ne tamkar wurin ajiye motoci: mota ta shiga gurbinta da kai ko da baya, na'ura tana can ƙarshen gurbin, kuma takan shafe minti 20 zuwa 40 a tsaye kafin batir ya ɗauki abin kirki.

Ita ma wayar caji ba kamar mesar mai take ba. Wutar da ke bi ta cikinta tana da yawa ƙwarai, saboda haka tana da kauri da nauyi, a manyan na'urori ma har ruwa ake zagayawa da shi a cikinta don kada ta ɗauki zafi. Duk mita guda da aka ƙara mata, an ƙara jan ƙarfe, an ƙara tsada, an kuma ƙara wutar da ke salwanta a hanya. Wannan ne ya sa masu gina tashoshi ke son gajeriyar waya. Su ma masu ƙera motoci suna da nasu lissafin, domin a cikin motar akwai kakkaurar wayar da ke haɗa bakin caji da batir, kuma kowane kamfani yana neman gajeriyar hanya gwargwadon yadda ya jera kayan cikin motarsa. Daga nan ne kawuna suka rabu. Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen shekarar 2010, a hanci aka sa mata. Volkswagen ID.4 da Hyundai Ioniq 5 a baya ta dama, Ford F-150 Lightning da Rivian R1T kuwa a gaba ta hagu.

Yadda Tesla ya ja sauran kamfanoni

Kamfanin Tesla na Amurka ya zaɓi kusurwar baya ta hagu, watau ɓangaren direba, tun daga motarsa Model S a shekarar 2012, ya kuma tsaya a kan haka har zuwa a-kori-kurarsa Cybertruck. A watan Satumban 2012 ɗin ne ya buɗe tashoshinsa na farko na caji cikin sauri a jihar Kalifoniya. Da yake motocinsa kaɗai aka yi wa tashoshin, sai ya wadatu da waya mai tsawon kimanin mita 2: direba ya shiga da baya, bakin caji ya zo daidai da na'ura, shi ke nan.

Matsala ta kunno kai ne lokacin da aka buɗe wa baƙi ƙofa. A watan Nuwamban 2022 Tesla ya ba kowa damar amfani da irin filoginsa, watau kan wayar da ke shiga jikin mota, a ƙarƙashin sunan NACS. A watan Mayun 2023 kamfanin Ford ya ba da sanarwar zai rungume shi, General Motors ya biyo baya a watan Yuni, sannan sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga watan Fabrairun 2024 masu motocin Ford suka fara shiga tashoshin Tesla da taimakon adafta. Nan take aka ga cewa ko da filogi ya yi daidai, wayar ba ta kaiwa. Mai F-150 Lightning idan ya shiga da kai, bakin cajinsa yakan faɗo nesa da na'urar gurbinsa, sai dai ya jawo wayar gurbin da ke maƙwabtaka da shi, ta haka mota guda ta tare wurin motoci biyu.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ya kamata mai saye ya riƙe a nan. Motar da bakinta ke baya ta hagu idan ta shiga da baya, da motar da bakinta ke gaba ta dama idan ta shiga da kai, duk a gefe ɗaya na gurbi bakunansu ke faɗowa. Haka nan gaba ta hagu da baya ta dama su ma tagwaye ne, kuma su ne ke shan wahala a tashoshin da aka yi wa motocin Tesla. Ke nan kusurwa huɗu ce a jikin mota, amma gida biyu suka kasu.

Kamfanoni sun fahimci wannan lissafi. Rivian ya nuna sabuwar jif ɗinsa R2 a watan Maris na 2024 da bakin caji a baya ta dama, amma kafin shekarar ta ƙare ya mayar da shi baya ta hagu. Kia ya yi irin wannan sauyi ga EV6 da ake sayarwa a Arewacin Amurka. Lucid, wanda ya sa wa motarsa ta farko a gaba ta hagu, da ya zo ƙera jif ɗinsa Gravity sai ya koma baya ta hagu. Toyota da Nissan kuwa ɗaya kusurwar ta wannan gida suka ɗauka, inda suka sanya bakin NACS a gaba ta dama a samfurin 2026 na bZ da Leaf. Shi ma Tesla ya sassauto, domin sababbin na'urorinsa na V4, waɗanda aka fara kafawa a ƙasar Holan a shekarar 2023, wayarsu ta kai kimanin mita 3.

Halin da mai jan tirela yake ciki

Sai dai abin da ya dace da motar iyali ba lallai ne ya dace da motar aiki ba. A Amurka jama'a da dama na sayen a-kori-kura ne don jan tirelar kaya, ko ta dabbobi, ko ta kwale-kwale. Jan kaya mai nauyi kan rage nisan da batir ke kaiwa da kusan rabi, wanda ke nufin mai jan tirela ya fi kowa yawan tsayawa caji. To, idan bakin cajinsa yana baya, kamar yadda yake a Cybertruck da Chevrolet Silverado EV da GMC Hummer EV, ba shi da halin shiga gurbi da baya sai ya nemi fili ya kwance tirelar, ya yi caji, ya dawo ya sake ɗaura ta, ya duba fitilu da sarƙoƙi. A doguwar tafiya, sai ya yi ta maimaita wannan aiki a kowane zango.

Wanda bakin cajinsa ke gaba yana iya shiga da kai ba tare da ya kwance komai ba, ko da yake tirelar kan miƙe ta tare hanyar wucewa idan filin ba shi da yalwa. A nan ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Rivian ya sa na R1T a can kusurwar gaba kusa da fitila, don haka bai yi nisa da na'ura ba. Ford kuwa ya sa nasa a bayan tayar gaba, dab da ƙofar direba, ga shi motar tana da dogon hanci, sai direba ya matsa har ya kusa taɓa na'ura kafin waya ta kai.

Amma gaban ma yana da nasa aibi. Hancin mota shi ke fara cin karo, ko da a 'yar gugar da akan yi cikin cunkoso, kuma gyaran da ya kamata ya tsaya a kan bamba sai ya haɗa da kayan lantarki masu tsada. Shi ne kuma ke kwasar laka da ƙura da tsakuwa, a ƙasashen sanyi har ƙanƙara kan daskare a kan murfin ya ƙi buɗuwa.

Dama da hagu su ma kowane yana da hujjarsa. Ɓangaren direba ya fi sauƙi ga wanda ke caji a gida: ya sauko, ya cusa waya, ya shige. A biranen Turai kuwa, inda mutane da yawa ba su da gareji sai dai su dogara da turakun caji na bakin titi, ɓangaren da ke kallon gefen hanya ya fi aminci, domin in ba haka ba filogi zai riƙa leƙowa ta inda motoci da kekuna ke wucewa. Porsche da Audi sun kauce wa zaɓin ta hanyar sanya baki biyu, dama da hagu, a wasu motocinsu, sai dai wannan ƙarin kuɗi ne da a ƙarshe ke komawa kan mai saye.

Masu ƙera manyan motocin dakon kaya sun ɗauki darasi daga wannan ruɗani. Ƙungiyar CharIN, wadda ta haɗa kamfanonin motoci da na na'urorin caji, ta fito da tsarin MCS domin manyan motoci, wanda aka nuna a birnin Oslo a shekarar 2022, kuma aka tsara shi ya iya ɗaukar wuta har megawat 3.75. Tun a kan takarda aka ƙayyade cewa bakin caji zai kasance a gefen hagu, daidai tsayin ƙugun mutum, ta yadda duk mai gina tasha ya san inda zai kafa na'urarsa.

Abin lura ga 'yan kasuwarmu

Idan aka auna hujjojin nan, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, kusurwar gaba ta dama, a gefen mota maimakon tsakiyar hanci, ita ta fi tara fa'ida ga a-kori-kura da jif mai jan kaya. Tana kallon gefen titi, ta dace da tashoshi masu tsari irin na Tesla, kuma ba ta tilasta a kwance tirela. Asarar direba ba ta wuce 'yan takun da zai yi ya zagaya ba. Ga jif ɗin da ba ta jan komai kuwa, baya ta hagu ta wadatar.

Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun watan Afrilun 1972, saboda haka wannan lissafi ya shafe ta. A watan Nuwamban 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, mai bakin caji a hanci. A shekarar 2021 kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu harkar sufuri suka ƙara waiwayar motocin da ba sa shan mai. Sai dai motocin Amurka da na Turai da na ƙasar Sin kowace da irin filoginta, kuma kowane kamfani da kusurwarsa.

Don haka dillalin da zai yi odar mota, bayan ya tambayi girman batir, ya kamata ya tambayi irin filogin da inda bakin yake. Kamfanin da zai sayi motoci da yawa, gara ya tsaya a kan kusurwa ɗaya, domin ya ja wuta sau ɗaya a garejinsa. Mai niyyar zuba jari a tashar caji kuwa, yana da damar da Amurkawa suka bari ta wuce su, tun da har yanzu tashoshin ba su yawaita a nan ba. Idan ya kafa na'urorinsa a tsakiyar fili kamar famfunan gidan mai, mota ta shiga ta nan ta fita ta can, ya kuma sa waya mai isasshen tsawo, to, ko a wace kusurwa bakin caji yake, abokin ciniki ba zai juya ya tafi ba. Tun ran gini, ran zane.