Yadda tsofaffin faifan disket ke riƙe da rubutun Hausa da kwamfutocin yau ba sa iya karantawa

Ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa da hukumomin Jamhuriyar Nijar suka yi a watan Maris na 2025 ya sake taso da batun littattafan karatu cikin harshen, waɗanda ake buƙata tun daga makarantun birnin Damagaram har zuwa na ƙauyukan Dogo da ke gundumar Miriya.

Aikin ya daɗe da somawa. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma cibiyar INDRAP da ke Yamai ta shafe shekaru tana shirya kayan koyarwa cikin harsunan ƙasar. To amma a shekarun 1980 da 1990, akan adana abin da aka buga da kwamfuta a kan faifan disket, kuma fito da shi a yau sai an sha wuya.

Faifai iri ɗaya, tsari daban-daban

A ido, faifan mai faɗin inci 3.5 duk ɗaya ne. Bambancin yana ga yadda kowace kwamfuta ke jera bayanai a kansa. Kwamfutocin IBM da makamantansu suna zuba kilobayit 720 a faifai, Macintosh na zuba 800, Amiga kuma 880.

Na'urar karanta faifai ta tsohuwar Macintosh tana sauya saurin juyawarta gwargwadon wurin da take rubutu, ita kuwa ta IBM saurinta ɗaya ne. Shi ya sa idan aka saka faifan ɗaya a cikin ɗayar, sai ta ɗauke shi tamkar babu komai a kansa, har ta nemi izinin share shi. Wanda ya amince, aikinsa ya tafi.

An samu sauƙi a 1988, lokacin da kamfanin Apple ya fito da na'urar SuperDrive mai karanta faifan ɓangarorin biyu. Masu Amiga kuma suka dogara da manhajar CrossDOS. Ta haka tsarin IBM ya zama gadar da kowa ke bi ya miƙa wa wani rubutu.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa

Ga mai rubuta Hausa, tsallake wannan gada rabin tafiya ce. Kwamfutocin wancan lokaci ba su zo da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Dabarar da aka yi ita ce ƙera salon haruffa na musamman: a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera irin wannan salo, a Nijar ma an yi amfani da wasu.

Dabarar ta yi aiki, amma sai a kwamfutar da ke ɗauke da salon. A wata kwamfutar, harafin kan rikiɗe ya koma baƙuwar alama. Idan mai gyara ya yi gaggawa ya mayar da shi harafi marar lanƙwasa, "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" kuma ta koma "bata".

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Sai dai tsohon rubutu ba ya komawa wannan tsari da kansa. Masu aikin DiLAF, waɗanda suka ɗora ƙamusun Hausa da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci na Nijar a intanet, sai da suka fara sauya haruffan zuwa Unicode.

Lokaci na ƙurewa

Kamfanin Sony ya daina ƙera faifan disket a 2011, gwamnatin Japan ma ta soke dokokin da ke wajabta amfani da shi a 2024. Zafi da ƙurar hunturu da danshin damina kuwa suna lalata maganaɗisun da ke riƙe da rubutun.

Na'urar karanta faifai da ake jonawa ta kafar USB tana buɗe faifan IBM mai kilobayit 720 da mai megabayit 1.44, amma ba ta iya buɗe na Macintosh mai 800. Wannan sai da tsohuwar Macintosh mai rai, ko na'urori irin su Greaseweazle da KryoFlux, waɗanda ke kwafe sawun maganaɗisun kai-tsaye.

Ga malami ko marubucin da ke da irin wannan ajiya a akwati, matakin farko shi ne buɗe ɗan makullin da ke kusurwar faifan domin hana rubutu a kansa. Daga nan sai a kwafe duk abin da ke ciki har da salon haruffan, a kuma adana bugun takarda idan akwai, domin da shi za a tantance inda kowace ƙ da ɗ take.