Yadda Saƙon Waya Zai Kai Hannun Mai Shi

A zamanin da, in Hakimi zai kira dagatansa, sai ya tashi ɗan aike da takarda a kan doki. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001, yawancin wannan aiki ya koma kan gajeren saƙon nan da jama'a ke kira tes. Amma fa tura saƙo daban, isarsa daban. In sanarwar rigakafi ko ta rabon taki ta salwanta a hanya, dagaci ya sha zargi ba da laifinsa ba, talakawa kuwa su yi hasara. Saboda haka ga abubuwa huɗu waɗanda ya wajaba malamin Hakimi ya kiyaye.

Na fari, lamba. Lambar waya a ƙasar nan tana da alƙaluma 11. In za a sa 234 a gabanta, sai a cire sifirin farko. Layin da aka daɗe ba a mora ba, kamfani yakan karɓe shi ya ba wani. Har ila yau an rufe layuka masu yawa cikin 2024, don ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba. Lalle ne malam ya riƙa gyara littafin lambobinsa duk ran da dagatai suka taru.

Na biyu, tsawo. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Amma in an sa harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne, watau ɓ ko ɗ ko ƙ, sai adadin ya koma 70. Abin da ya haura nan za a raba shi gida-gida, kowane gida da kuɗinsa, wasu tsofaffin wayoyi ma ba sa nuna haruffan sosai. To, inda ma'ana ba za ta rikice ba, gara a yi amfani da b da d da k. A fara da sunan ofis, sa'an nan dalili, da wuri, da lokaci.

Na uku, hanya. Ofishin da ke tura ɗaruruwan saƙonni gaba ɗaya ta hannun wani kamfani, sai ya yi rajistar sunan da zai bayyana a wayar mai karɓa, kada ya wuce haruffa 11. Cikin 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta kafa lambar 2442, wadda mutum zai tura wa saƙo don a daina damunsa da talla. Duk sanarwar da aka aika ta hanyar talla ba za ta kai ga irin wannan mutum ba. Don haka malam ya nemi kamfanin ya bi da ita ta hanyar sanarwar aiki.

Na huɗu, tabbatarwa. A kunna rahoton isarwa a cikin waya. In wayar mutum tana kashe, ko ƙauyensu ba sabis, kamfani yakan ajiye saƙon na ɗan lokaci, in lokacin ya cika ya zubar. Rahoton kuwa shaida ce kurum cewa saƙo ya shiga waya, ba cewa an karanta ba, balle ga wanda bai iya boko ba. In al'amarin babba ne, sai a bi saƙon da kira, in kira ya faskara a tashi mutum. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.