Kiristocin Arewa: Mulkin Allah a sama yake ko a ƙasa?

Daga Dogon Kiriya zuwa Tibiri, Kiristoci ƴan kaɗan ne tsakanin Musulmi da masu bin al'adun gargajiya. Amma ƙarancin nasu bai hana su gadon wata tsohuwar gardama ba: mulkin Allah da Linjila ke ambata, na ruhu ne da ake jira a lahira, ko kuwa tun nan duniya ake soma gininsa?

Kowane ɓangare yana da madogara a Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa da Hausa a 1932. Masu cewa na ruhu ne suna kafa hujja da amsar da Yesu ya ba gwamna Bilatus cikin Yohanna sura 18, inda ya raba sarautarsa da irin ta duniya. Ɗaya ɓangaren kuwa na nuna Matiyu sura 25, inda ciyar da mayunwaci da duba maras lafiya suka zama ma'aunin hukunci.

A Nijar, batun lakwal ne ya fito da saɓanin fili. Mishan SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe tashoshi a Dogon Dutsi da Gesheme, ta taso da aƙidar cewa dawowar Almasihu ta kusa, don haka ceton rai ne aikin gaggawa. Ta koya wa mutane karatun Hausa don su karanta Littafi da kansu, amma ta daɗe tana ɗari-ɗari da ilimin faransanci, tana tsoron kada ya ja matasa ga neman abin duniya. Limaman Katolika, da suka zauna Dogon Dutsi a shekarun 1940, sun bi wata hanya: sun gina lakwal mai bin tsarin gwamnati.

Sakamakon ya bayyana a 1960, da ƙasa ta samu ƴancin kai. Wanda ya iya faransanci shi ya shiga biro, ya zama malamin lakwal ko ma'aikacin gwamnati. Iyaye da yawa cikin mabiya SIM suka ga an bar ƴaƴansu a baya, suka shiga matsa wa mishan lamba: tanadin lahira ba ya hana uba nema wa ɗansa abin yi.

Ita ma SIM ba ta juya wa jiki baya gaba ɗaya ba, tunda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ko da yake tana kallon magani a matsayin ƙofar wa'azi. Farin 1973 da yunwar 1984, wadda talakawa suka raɗa wa suna El Buhari, su suka ƙara karkata ma'auni. Wa'azi ga mai rumbu wayam yana da wuya. A yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗin, Tony Rinaudo, ya soma tun 1983 yaɗa dabarar renon kututturan itatuwa cikin gonaki, wadda manoma ke kira sassaben zamani.

Gardamar dai ba ta mutu ba. Har yanzu akwai masu fargabar kada ikilisiya ta rikiɗe ta koma ƙungiyar agaji, akwai kuma masu ganin bangaskiyar da ba ta gina rijiya ba ta yi rauni. A ƙasar da damina ke zuwa da gardama kamar Arewa, kowace majami'a tana amsa tambayar ne ranar da take raba ɗan abin da aka tara a baiko.