Saƙar hular jarirai a gabashin Sakkwato: koyon sana'ar ba wuya, samun kasuwa ne aikin

Duk lokacin da aka shirya taron koyar da sana'o'i ga mata, musamman waɗanda rikici ya raba da muhallansu, da wuya a rasa saƙa a cikin jerin abin da za a koyar. Abu na farko da ake ɗora ɗaliba a kai shi ne hular jariri. Shin wannan ƴar hula za ta iya riƙe gida a Wurno, Rabah da Goronyo?

Yadda ake saƙa ta

Kayan aikin ba su da yawa: kwarashi, ƙullin zaren ulu, almakashi da tef ɗin awo. Daga tsakiyar kai ake farawa. Mai saƙa za ta yi ƴar gajeriyar sarƙa ta haɗa bakinta ya zama zobe, sannan ta riƙa zagaya shi tana ƙara idanu a kowane zagaye, har ya buɗe kamar faifai.

Kewayen kan sabon jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35, don haka idan faɗin faifan ya kusa santimita 11 sai a daina ƙari. Daga nan saƙar za ta lanƙwaso da kanta ta zama ƙoƙo. Kuskuren sabon hannu shi ne matse zare, wanda ke sa hular ta yi tauri ta takura yaro.

Amfaninta ya wuce ado

Kan jariri babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, kuma zafin jiki na saurin fita ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar zafin jikin jariri da ya gaza digiri 36.5 a matsayin abin damuwa, kuma hula na cikin abin da ake sa wa bakwaini yayin da uwa ta rungume shi fata da fata. A lokacin hunturu, ga iyalin da ke kwana a ajin makaranta ko rumfar leda, wannan batu ne na rai.

Irin waɗannan iyalai ba baƙi ba ne a yankin. Bayan harin Tabanni a watan Yulin 2018, garin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah ya cika da ƴan gudun hijira.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko zare ce. Mafi yawan ulun da ke kasuwa na roba ne da ake sarowa daga manyan birane, kuma farashinsa ya bi faɗuwar darajar naira da tsadar sufuri tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Idan ƙullin da aka raba ranar yaye ɗalibai ya ƙare, sai a rataye kwarashi.

Ta biyu ita ce gasa da hulunan gwanjo da na kamfani, waɗanda sau da yawa suka fi araha. Ta uku, ciniki ne na lokaci: da zarar bazara ta kama, masu saye sun ragu.

Babbar matsalar kuwa ita ce tsaro. Kasuwannin mako-mako su ne hanyar sayar da kayan karkara, amma a watan Oktoban 2021 ƴan bindiga sun kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Inda zuwa kasuwa ya zama kasada, ƙaramin ɗan kasuwa ne ke fara durƙushewa.

Abin da ya kamata a tambaya

Idan ɗan siyasa ya wallafa hoton mata riƙe da takardar shaidar koyon saƙa, tambayoyi uku sun isa. Nawa aka ware, kuma nawa ya kai hannun matan? Wa zai ci gaba da samar musu da zare? Wa zai sayi hulunan?

Akwai mafita a kusa. Ƙananan hukumomi na iya sayen hulunan daga hannun matan, su saka su cikin kayan haihuwa da ake bai wa masu jego a asibitocin karkara. Ta haka jariri ya samu ɗumi, mai saƙa kuma ta samu kuɗin sabon zare.