Ƙarin aiki a kan dashen ƙwai: kafin ka sayar da bijimi na biyu

Ko kana ruga ko kana kasuwar bakin iyaka, ka san rashin haihuwa ba ƙaramin abu ba ne a gida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da shi a rayuwarsa, maza da mata. Shi ya sa wani kan sayar da shanu, wata ta kwashe jarinta, a nufi babban birni don dashen ƙwai, wato IVF. Ana haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan a mayar cikin mahaifa. Aikin gaskiya ne, tun 1978 aka haifi Louise Brown ta wannan hanya a Ingila.

To, inda za ka buɗe ido shi ne bayan an faɗa maka kuɗin dashen. Sai a ce akwai ƙari: a ɗan karce bangon mahaifa, a huda ɓawon ƙwan, a sa shi cikin wani ruwa mai danƙo don ya manne, ko a ba matarka maganin danne garkuwar jiki. A kasuwa gyara kyauta ce. Wannan kuwa kowanne da kuɗinsa.

Ɗauki karce mahaifa. An daɗe ana yinsa da zaton yana taimaka wa ƙwai ya zauna. Sai masu bincike a New Zealand suka jagoranci gwaji a kan mata 1,364, aka karce wa rabi, aka bar rabi. Sakamakon ya fito a 2019: a kowane ɓangare mata 26 cikin ɗari ne suka haihu. Babu bambanci, sai zafi da waɗanda aka karce wa suka sha.

A Birtaniya, hukumar HFEA mai sa ido kan asibitocin haihuwa tana yi wa irin waɗannan ƙarin alama da launi. A jerin da ta sabunta a 2023, babu ko ɗaya da ya samu kore a kan ƙara damar haihuwa ga yawancin masu neman magani. Wasu magungunan garkuwar ma ja ta ba su, saboda suna iya cutarwa.

Ba wai duk mai ba ka shawarar macuci ba ne, a'a. Akwai matar da wani ƙarin zai dace da larurarta. Amma ka tambayi likita kai tsaye: wannan an gwada shi ya ƙara haihuwar ɗa rayayye, ko ɗaukar ciki kawai? A mata masu shekarun matata? Nawa ne shi kaɗai? A rubuta maka a takarda. Dashe sau da yawa ba ya kamawa a karon farko, kuma kuɗin da ka zuba a ƙari, da shi za ka rage hanya zuwa karo na biyu.

Kai ma maigida, a gwada maniyyinka tun farko. Gwajin ya fi duk waɗannan araha.