Makaɗan Gwamnati A Ƙasar Gini: Riba Da Hasara

Duk lokacin da aka zo kasafin kuɗin shekara, ba a rasa masu tambayar ko ya dace a kashe dukiyar jama'a kan makaɗa alhali asibitoci da makarantu na jiran gyara. Kafin mai karatu ya yanke hukunci, ya kamata ya ji abin da ya faru a ƙasar Gini.

Ran 28 ga Satumba 1958 mutanen Gini suka ƙi tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama a inuwar Faransa, ran 2 ga Oktoba kuwa suka sami mulkin kai. A wancan zamani makaɗan gidajen rawa na birnin Konakiri ba su da aiki sai kwaikwayon kiɗan Faransa da na Kyuba. Shugaba Ahmed Sekou Toure bai yarda da haka ba. Cikin 1959 aka kafa ƙungiyar makaɗan ƙasa mai suna Syli, watau giwa da harshen Susu, sa'an nan aka bi lardi-lardi ana kafa irinta. Gwamnati ce ke sayen jita da ƙahonni da ganguna, makaɗan ƙasa kuma ta yanka musu albashi kamar sauran ma'aikata. Sharaɗin shi ne su koma ga waƙoƙin kakanninsu, su yi musu sabuwar riga.

Shirin ya yi albarka. Daga garin Beyla, can kudu maso gabas, aka sami ƙungiyar Bembeya Jazz cikin 1961, wadda ta ɗauki sunan kogin garin. Da ta yi ta cinye gasa, sai aka ɗaga ta zuwa matsayin makaɗan ƙasa cikin 1966, aka dawo da ita Konakiri. Ita ce ta tsara doguwar waƙar tarihin Almami Samori Toure, wanda ya yi shekaru yana yaƙar Faransawa har suka kama shi cikin 1898. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba ya san Samori ta bakin rediyo. Har mata 'yan jandarma suka kafa tasu ƙungiyar, Amazones, kamfanin gwamnati na Syliphone kuwa yana ta buga faya-fayen garmaho suna zaga Afirka ta Yamma.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗan nan ba su da ikon ƙin yabon jam'iyya da shugabanta, balle su tsawata. Keita Fodeba, wanda ya kafa ƙungiyar raye-rayen da ta fito da sunan Gini a duniya, har ya zama minista, an kama shi cikin 1969 aka kai shi sansanin Boiro, bai fito da rai ba. Da Sekou Toure ya rasu cikin Maris 1984 soja suka karɓi mulki, sai tallafin ya ƙafe. Syliphone ya durƙushe, makaɗa da yawa suka watse neman abinci, Bembeya ma ta yi shekaru ba ta fitar da sabon faifai ba sai cikin 2002.

To, darasin a fili yake. Kuɗin da Gini ta kashe bai tafi a banza ba, domin dubban waƙoƙin da aka naɗa a gidan rediyonta suna nan, an kuwa kwafe su an adana da taimakon Laburaren Birtaniya. Kuskuren shi ne an rataya abin a wuyan mutum guda. Ƙasar da ke son makaɗanta su ɗore, sai ta kafa musu hukuma bisa doka, da kason kuɗi tabbatacce wanda canjin gwamnati ba zai taɓa ba, ta kuma bar mawaƙi ya faɗi gaskiya ko da ta yi wa mai mulki ɗaci.